Juma'a a gidan su Rafik

Ruwa tun asuba, wanki bai yiwu ba.

Bayan masallaci Rafik ya ja ni gidansu can wajen Tongi, kusa da Dhaka, babban birnin Bangladesh. Shinkafa da miyar dal (wani irin ɗan wake), da kifin ilish mai ƙaya kamar allura, sai mangwaro har na ce a yi mini rai. Na ci na yi nak, ina ta raha da yara.

A hanyar dawowa cikin rikisha, keken da ke ɗaukar fasinja, nake yaba masa kirkin mahaifinsa, sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Ai surukina ne. Ni ghor jamai ne." Wato miji ne ya tare gidan matarsa. Tsohon 'ya ɗaya Allah ya ba shi, ga shago, ga gonar shinkafa a ƙauye, babu namijin da zai riƙe. Shi kuwa Rafik su shida ne a ɗakinsu, filin ubansu bai kai a raba ba.

Na ce, "Bhai, ɗan'uwana, kuma a gabansa kake cin abinci?" Ya kalle ni ya ce to a bayansa zai ci? Mu da Yaya Habu ke sauya hanya in ya hango surukinsa!

Daga nan fuskarsa ta canza. Ya ce shi ke buɗe shago, shi ke kai tsohon asibiti a Dhaka, amma a wurin mai shayi ana yi masa shaguɓe da karin maganarsu, wai mutuwa da suruki da ɗan 'yar'uwa ba sa taɓa zama naka. Abin haushin, garin nan ne Hindu ke ware rana guda a watan Joishtho na kalandar Bengali don karrama suruki da girki da sabbin kaya. Wanda ke zuwa ya tafi ke nan. Mai zama kuwa, sai a ce ba shi da zuciya.

Lissafin gado ne ya hana ni sukuni. 'Ya ɗaya rabi take samu, matar tsohon ɗaya bisa takwas, saura na 'yan'uwansa maza, waɗanda Rafik ya ce sai Idi ake ganinsu. Ya san haka sarai. Ya ce, "In na tafi, wa zai ɗaga shi ya yi alwala?" A Kano da tuni an laƙaba masa mijin Hajiya, ba wanda zai tambayi wannan.

Umma ta kira, layi ya yanke. Gwaji ranar Lahadi, ko littafi ban buɗe ba.