Godiya Bayan Gasar Muhawarar Su Auta

Alhamdu lillahi, mun iso gida lafiya jiya bayan isha'i. Auta tana can tana ramuwar barci, sallar asuba kaɗai ta tashe ta. Duk wanda ya kira ban ɗauka ba ya yi mini afuwa, gajiya ce ta yi mini rubdugu. Kun riga kun ji a zagayen kusa da na ƙarshe aka fitar da su, ba sai na maimaita ba.

Mako shida gidan nan bai san barcin wuri ba saboda atisayen gasar. Ni ce mai riƙe agogo: in ƙwanƙwasa tebur idan minti 1 ya cika, in sake a minti 7, sannan sau biyu a minti 8. Yarinyar da ko gaida baƙi sai ta sunkuyar da kai, ita aka ba magana ta biyu cikin su uku, wato mai rusa hujjojin abokan karawa kafin ta ɗora nata. Kuma ba su ke zaɓar ɓangare ba. Inda aka ajiye ka nan za ka kare, ko batun ya kwanta maka ko bai kwanta ba.

Zagaye na uku ne har yanzu ke dawo mini a rai, wanda ba a faɗin maudu'i sai saura awa 1, a keɓe yara su kaɗai, ba malami ba waya. Auta ta fara lafiya ƙalau. Minti 1 na cika, lokacin da doka ta ba ɗaya ɓangaren damar katse mai magana da tambaya, sai wata doguwar yarinya ta miƙe. Auta ta ba ta dama. Ta sake miƙewa, ta sake ba ta. A ta huɗu magana ta ƙwace mata. Ta yi tsaye, takarda na karkarwa a hannunta, zauren ya yi tsit. Ina can baya ina murza gefen mayafina, ina ta maimaita addu'ar nan ta Annabi Musa ta neman warwarewar harshe. Sai ƙawarta mai magana ta uku ta turo gorar ruwa bakin tebur a hankali. Ta kurɓa, ta ɗago kai, ta ci gaba har aka ƙwanƙwasa na ƙarshe.

Bayan alƙalai sun yanke hukunci, wannan doguwar yarinya da ta kayar da su ta biyo Auta har wurin alwala. Da kunnena na ji: "'Yar'uwa, ba dole ba ne ki saurari duk wanda ya miƙe. Ɗaya ko biyu sun isa, su ma sai kin kai aya. Sauran ki ce su zauna. Ni ma haka aka yi mini bara, har kuka na yi." Washegari tambaya biyu kacal Auta ta karɓa, suka yi nasara. Ban san sunan yarinyar nan ba, ban san iyayenta ba. Allah Ya yi mata albarka, Ya buɗa mata ƙofofin ilimi, Ya haɗa ta da mai riƙe hannunta ranar da ta rasa abin faɗa, Ya saka wa waɗanda suka yi mata tarbiyya da Aljanna.

Malamarsu ta Turanci, na san ba kya son a ambace ki, amma yau sai kin yi haƙuri. Ke kika zaunar da su kika nuna musu yadda ake raba maki, 40 na hujja, 40 na iya gabatarwa, 20 na dabara, har suka gane ɗaga murya ba ya ƙara komai. Allah Ya raya miki zuri'a. Goggonmu ta Tudun Wada da ta sauki yara huɗu kwana uku, tana tashi tun duku-duku ta dama musu kunu, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Baba direba da ya wuni a rana yana jiranmu, Allah Ya biya ka.

Akwai 'yan'uwan da muka sa ran gani a zauren, tunda gidansu ba nisa kuma an sanar da su da wuri. Na ga Auta tana ta waiwayen ƙofa. Allah Ya sa uzuri ne ya tsare su.

Maƙwabciyarmu da ta ara mana ƙamus, yana nan lafiya, zan aiko miki da shi ranar Juma'a in sha Allahu.