Kwalba a gida, bik a kan hanya

Shekara shida ke nan ina yi wa kaina allurar insulin sau biyu kullum, safe da maraice. Ni tela ne a nan Tawa, hannuna ya saba da allura tun ina yaro, amma ranar da likita ya ce daga yau a jikinka za ka riƙa soka ta, sai da gwiwata ta yi sanyi. Na tambaye shi ko babu na haɗiya. Ya ce insulin dangin furotin ne, in ya shiga ciki za a narkar da shi kamar nama ko ƙwai tun bai kai jini ba. Shi ya sa tun 1922, da aka fara yi wa wani yaro mai ciwon sukari a Toronto ta ƙasar Kanada, ta allura ake ba da shi.

Da kwalba da sirinji na fara. Kwalbar mililita 10 ce, kowace mililita na ɗauke da 100 na abin da likitocinmu ke kira inite, wato 1000 ke nan a kwalba guda. Ni 20 aka rubuta mini da safe, 10 da maraice, saboda haka kwalba ɗaya tana kai ni wata. Nawa maganin irin mai gauraye ne, fari kamar tsinkakken nono, sai ka murza kwalbar a tafin hannu ya haɗe, ba a girgiza shi. Ka ja iska cikin sirinji daidai yawan da za ka ɗiba, ka tura ta cikin kwalba, ka kifa, ka ja maganin, ka ɗanɗanƙwasa da farce kumfa ta hau sama ka fitar. A faɗa kamar dogon aiki, amma bayan sati biyu hannu ne ke yi, kai kana sauraren rediyo.

Ido ne ya fara ba ni matsala. Layukan da ke jikin sirinji sirara ne ƙwarai, ga shi da asuba sau da yawa babu kuran, sai fitilar waya. Autata ce ta zama idona, ita ke ja ta miƙo mini.

Wani watan azumi ya wuce, ta tafi Illela wajen goggonta, sirinjina kuma suka ƙare. Na aiki yaron shago ya sayo mini a wata ƴar rumfar magani. Ya kawo, na ga murfinsu ja ne, alhali waɗanda na saba da su murfinsu ruwan lemu ne. Ban kawo komai a raina ba. Na ma yi murna, don lambobin manya ne, 20 ta fito raɗau ba sai na ƙanƙance ido ba. Na lura maganin ya yi yawa a ido, na ce ai faɗin sirinjin ne ya bambanta. Na soka, na sha kununa, na tafi shago.

Wajen hantsi ina kan keke sai hannuna ya kama rawa, gumi ya jiƙa mini riga sharkaf, zare ya zama biyu a idona. Na ci dabino uku da nake ajiyewa a aljihu, na ɗan dawo, sai abin ya sake kamawa. Abin da na iya tunawa na ƙarshe shi ne uwargida tsaye a kaina da kofin ruwan sukari tana cewa, "Malam, buɗe baki, ka haɗiye." A asibiti na farka da ƙarin ruwa a hannu, kuma can na kwana.

Da safe likita ya sa aka kawo sirinjin, ya nuna mini rubutun da ke jikinsa: U-40. An yi shi ne don insulin mai inite 40 a mililita, nawa kuwa U-100 ne. Lamba 20 a wancan sirinji rabin mililita ce, rabin mililita na maganina kuwa 50 ne. Ninki biyu da rabi na zuba wa kaina. Har yau in na ga sabon mai ciwon sukari a layin asibiti, kafin mu gama gaisawa na ce ya nuna mini sirinjinsa da kwalbarsa, mu duba ko lambobin sun zo ɗaya.

Bayan wannan ne ɗan yayana da ke aiki a Yamai ya aiko mini da alƙalamin insulin, wanda mu nan bik kawai muke ce masa. Ashe ba sabon abu ba ne, tun 1985 kamfanin Novo na Danmak ya fito da na farko, mu ne bai iso wa da wuri ba. Maganin yana ciki, mililita 3, inite 300. Ka ɗaura ƴar allura a baki, ka murɗa gindin, kowane ƙas ɗaya inite ɗaya ne. Da kunne nake ƙirgawa, ko cikin duhu, sannan in haska in tabbatar da lambar. Allurar da na samu tsawonta milimita 4, wani lokaci sai na duba kafin in yarda ta shiga.

Shi ma yana da nasa ladubban, kuma sai da na yi kuskure na koya. Satin farko ina dannawa ina zarewa nan take, sai in ga ɗigo a fatar cikina, sukari kuma ya ƙi sauka. Ashe sai ka danna har lamba ta koma sifili, ka ƙirga goma, sannan ka zare. Kafin kowace allura kuma sai ka ɗaga bakin sama ka fesar da inite 2, ka ga ɗigo ya fito, don iska ko toshewa. Wannan fesarwa ta daɗe tana yi mini ciwo a rai, kamar mai zubar da hatsi a ƙasa. In ka lissafa, 34 nake kashewa a yini maimakon 30, bik ɗaya bai cika kwana tara ba. Ba a barin allura a ɗaure bayan an gama, kuma ba a ara wa kowa bik ko da an sauya allura. Wani maƙwabcina ya taɓa roƙo da nasa ya ƙare, na hana, sai na raka shi farmasi.

A tafiya kam babu haɗi. Hanyar Yamai ta Ƙonni da Dutsi da Doso yini guda ce. Wata rana a tasha na fito da kwalba da sirinji a gefen masallaci, wani dattijo ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Haba Alhaji, da girmanka?" Ya ɗauka ɗan ƙwaya ne. Da bik kuwa sai in ɗan ɗaga riga, kafin na kusa da ni ya juyo na gama.

To me ya hana ni watsar da kwalba? Aljihu. In ka auna inite da inite, bik ya fi tsada nesa ba kusa ba, ga allurarsa daban ake saye, kuma ba kullum ake samunta a nan ba. Na taɓa zama da bik cike da magani babu allurar ɗaurawa, kamar keke babu zare. Sirinji kuwa ba ya wuyar samu.

Zafi bai bambanta su ba. Wanda ba a buɗe ba firji yake so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma in ya daskare ya lalace. A watan Afrilu da Mayu, da Tawa ke wuce digiri 40, wanda na riga na buɗe nakan ƙulle shi a leda in sa cikin ƙaramar tukunyar ƙasa, ita kuma a binne cikin jiƙaƙƙen rairayi a gindin randa. Ranar da na buɗe nake rubutawa a jiki da alƙalami, in ya cika wata ba na ƙara amfani da shi. Wurin sokawa ma ina zagayawa, ciki da cinya, tun da na taɓa yin wani kumburi mai tauri a gefen cibiya saboda nacin wuri ɗaya. Tsofaffin allurai a galan mai murfi nake tarawa, don na taɓa kama jikokina suna wasan fesa ruwa da sirinji.

Yanzu dai kwalba ce a gida, bik ɗaya na tafiya. Sai dai an sa ranar autata bayan babbar salla, Agadas za a kai ta. Jiya da asuba tana ja mini maganin ta ce, "Baba, in na tafi wa zai riƙa duba maka layin?" Na ce ta bari tukuna, ina lissafin riga nawa zan ƙara ɗinkawa a wata in na koma bik gaba ɗaya.