Ƙusar da Ta Ƙi Fita a Bayan Babur Ɗina

Babur ɗina Bajaj Boxer ne, kuma da shi nake kai buhunan gero da masara daga ƙauyenmu zuwa kasuwar Dawanau, saboda haka ban yi mamaki ba da shokozoba biyun baya suka fara tsiyayar da mai. Sauya su bai ba ni wahala ba. Na sayi biyun tare, tsawonsu daidai da na tsofaffin, na ɗaura ɗaya kafin in kwance ɗayan.

Da na hau titi, jijjigar ta ragu, amma bayan babur ɗin yana nan yana karkaɗa a kwana, musamman idan akwai kaya. Na ɗora shi a kan ƙafarsa ta tsakiya, na kama tayar baya na tura ta hagu da dama, sai na ga ƙarfen da ke riƙe da tayar yana motsi tun daga inda ya haɗu da jikin babur. Bushin robar da ke wurin sun cinye, alhali kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin shokozoba ba.

Kafin a kai ga bushin sai an zare doguwar ƙusar da ta ratsa cikinsu, kuma wannan ƙusa ce ta cinye mini ranar kasuwa guda. Ruwan damina da nake ratsawa ya shiga, tsatsa ta haɗe ta da bututun ƙarfen da ke cikin robar. Notin ya kwance lafiya, ita kuwa ko gezau. Na jiƙa ta da kananzir ta kwana, na mayar da notin bakinta domin kada guduma ta lalata zaren, na yi ta duka a banza, domin robar tana shanye ƙarfin dukan. Wani ya ce a sa mata wuta, na ƙi, saboda tankin fetur da wayoyi suna kusa. A ƙarshe sai da wani bakanike ya yanke ta da zarto ta gefe biyu, na koma kasuwar Ƙofar Ruwa neman sabuwa.

Bakaniken ya dube ni ya ce, «Malam, wannan ƙusa ba ta taɓa ganin giris ba tun da aka ɗaura ta.» Abin da ke ci mini rai har yanzu ke nan, domin duk masu yi mini juyen mai babu wanda ya taɓa ambatonta. Sabuwar kam na shafe jikinta da giris kafin ta shiga.

Bakaniken ne kuma ya hana ni ɗaure notin tamau yayin da tayar ke rataye. Sai an sauke babur a ƙasa, nauyinsa ya zauna, sannan a ɗaure, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe, ta tsage da wuri. Bayan haka na daidaita sarƙa, na bar mata sassaucin kimanin santimita 2 zuwa 3, na gyara sandar birkin baya, tunda an kwance taya. Duk wanda zai sayi shokozoba, ya fara girgiza tayar nan a gida, kuma ya jiƙa ƙusar da kananzir tun daren jajiberin aikin.