Mako na bakwai: dougong ya kusa sa ni ajiye aska

'Yan'uwa masu sassaƙa, ga inda aka kwana kan ɗan samfurin haikalin Foguang da nake haɗawa da katako. Ga sababbin zuwa, babban zauren gabas nake kwaikwayo, wanda ke yankin tsaunin Wutai a lardin Shanxi na ƙasar Sin, ginin shekarar 857, zamanin daular Tang. Faɗinsa mita 34 ne. Ni kowace mita na mayar da ita santimita 2, don haka nawa ya tsaya a santimita 68, daidai teburina.

Ginshiƙai 36 duk sun tsaya, 22 a zagayen waje, 14 a ciki. A nan na fara yin ɓarna. Na yanke su tsawo ɗaya cif, ina ta jin daɗin iya awo, ashe maginan asali suna ƙara wa ginshiƙan tsawo kaɗan-kaɗan yayin da ake nufar kusurwa. Shi ke sa bakin rufin ya ɗaga a gefe. Nawa ya fito a miƙe kamar rumfar kasuwa. Dole na sake yanka.

Amma abin da ya cinye min makon nan shi ne dougong, wato tarin ƙananan katakon da ke zaune a kan ginshiƙi suna tallafe rufi. "Dou" ɗan dunƙule ne mai kama da mudu, kuma asalin kalmar ma sunan ma'aunin hatsi ne. "Gong" hannu ne mai ɗan lanƙwasa da ke shiga bakin mudun. Mudu kan hannu, hannu kan mudu, kowane hawa na leƙowa waje fiye da na ƙasansa, har bakin rufin ya yi nisan kusan mita 4 daga ginshiƙi, ruwan sama bai taɓa katakon. A Foguang tsayin wannan tari ya kai kusan rabin ginshiƙin, shi ya sa zauren ke da kwarjini.

A ma'aunina mudu ɗaya bai fi ƙwayar gyaɗa girma ba. Na fasa tara kafin na gane laifina: ina tsaga bakin bayan na yanke shi. Ku fara tsaga bakunan a jere a jikin doguwar sanda, sannan ku yayyanka. Kuma ku daure ku bar gam sai ƙarshe, domin na asalin cusa juna aka yi, nauyin rufi ke danne su.

Duk sanda gajiya ta kama ni sai in tuna Liang Sicheng da matarsa Lin Huiyin, masana gine-gine 'yan Sin da suka isa wurin a 1937 suna hawa cikin rufi tsakanin jemagu. Ita ce ta hango rubutu a jikin wani katakon sama, sunan matar da ta ba da kuɗin ginin, wanda ya dace da na ginshiƙin dutsen da ke tsakar gida mai ɗauke da kwanan wata, aka tabbatar da shekarar ginin.

Mako mai zuwa dougong na kusurwa. Wanda ya taɓa haɗa shi, don Allah ya faɗa min ta ina ake farawa.