Ɗinkin Asabar a Tudun Wada

Wai yau ni ce na yanka atamfa turmi guda, yadi 6 cif, babu mai tsaye a kaina! Alhamdulillah.

Duk Asabar bayan la'asar muke haɗuwa a tsakar gidan Inna, shugabar ƙungiyarmu ta ɗinki a Tudun Wada, Gusau. Kekunanmu Butterfly ne na takawa, ko an ɗauke wuta ba ruwanmu. Inna ba ta barin sabuwar shiga ta taɓa yadin mutane; takardar buhun siminti za ki yi ta ɗinkawa har layinki ya miƙe. In zare ya cukurkuɗe ta ƙasa, ko kai ba ta ɗagawa: "Ɗiyata, ƙyale kwarkwaro, zaren sama za ki sake zurawa." Kuma hakan ne.

Adashenmu ma na tafiya, wadda ta kwasa ta sayi kekenta. Yadi kuwa haɗa kuɗi muke a saro mana daga Kantin Kwari, Kano, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Surutu dai ya yi mana yawa, gaskiya.

Yanzu hijaban marayun unguwa muke yi kafin Sallah. Mai ragowar yadi ta yi magana.