Lugude da ƙwaƙwalwa

Jiya a gidanmu na Garwa na tsaya kallon Inna da ƙanwarta suna lugude, turmi ɗaya, taɓare biyu, ba karo. Na ce, "Inna, wa ke ƙirga muku?" Ta ce, "Kai dai matsa, kar dusa ta shiga idonka."

Masana kan leƙa yadda ƙwaƙwalwa ke ƙirga irin wannan bugu ba tare da tsaga kai ba. Hular EEG, dabarar da Bajamushe Hans Berger ya fara gwadawa kan mutum a 1924, tana ɗaukar lantarkin ƙwaƙwalwa ta fatar kai. An ga yana hawa da sauka daidai da bugun kiɗa, kuma ɓangaren motsi yakan farka ko mutum na zaune. MRI kuwa, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, sai an kwanta shiru. Ina Inna za ta yarda, gero na jira?