Manzannin da aka jefa rijiya a Sparta

Sarki Dariyus na Farisa in yana son gari ya bi shi ba tare da an zare takobi ba sai ya tura manzanni su ce a ba su ƙasa da ruwa, ka bayar ka zama nashi kenan. Wajen 491 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya tura su garuruwan Girka, da yawa suka bayar salin alin. Mutanen Atina suka jefa nasu manzannin cikin rami, na Sparta kuwa suka tunkuɗa su rijiya wai ga ƙasa ga ruwa nan ciki su ɗebo su kai ma sarkinsu.

In an kawo labarin nan a fada ana shayi samari nan suke tsayawa suna cewa kai, ga maza. To ai da sauranshi.

Herodotus, marubucin tarihi na Girka, ya ce daga baya Spartawa in sun yi yanka ma gumakansu ba sa ganin alamar alheri, abu ya daɗe, har suka ce fushin Taltibiyus ne, wani manzo na zamanin da wanda suka gina ma ɗakin bauta, don ko su da ke bautar gumaka sun san ɗan aike ba a taɓa shi. Aka yi shela wa zai ba da ranshi a biya bashi. Mutum biyu suka fito, Sifartiyas da Bulis, kuma ba talakawa ba ne, ƴan manyan gida ne masu abin hannu, suka kama hanyar Susa, birnin sarkin Farisa, don a kashe su. Lokacin Dariyus ya rasu, ɗanshi Zaksis ke sarauta. Dogarai suka matsa su faɗi su yi gaisuwa goshi a ƙasa, suka ƙi, suka ce mutuwa ta kawo su ba sujada ba. Shi kuma Zaksis ya ce ba zai aikata abin da yake zarginsu da shi ba, kuma ba zai kashe su ya sauke ma Sparta laifinta ba. Suka koma gida da ransu.

Wai an gama? Ina. A 430 ƴaƴan mutanen nan biyu, Nikolas da Anaristus, Sparta ta aike su manzanci wajen Farisawa lokacin tana yaƙi da Atina, aka kama su a hanya, mutanen Atina suka kashe su. Herodotus ya ce hannun alloli ne ƙarara. Ni dai gaskiya wannan shari'a ba ta kwanta mini ba, yaran me suka yi? Mu an karantar da mu ba mai ɗaukar zunubin wani. Sannan masu zartar da hukuncin su ne dai waɗanda suka jefa nasu manzannin a rami.

Mu nan Damagaram mun san yadda jinin mutum ɗaya ke zama hujjar runduna, an kashe wani sojan Faransa, Kyaftin Kazamaju, a 1898, shekara na zagayowa Faransawa suka iso Tirmini, daga baya har barikinsu suka sa ma sunanshi.

Kar kuma a ɗauka Zaksis waliyyi ne. Shi ya sa aka sare kan gawar Leonidas sarkin Sparta, shi ya ƙone ɗakunan bautar Atina a 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Farisawa na cewa ramuwa ce ta ɗakin bautar Sardis da ya ƙone a 498 lokacin da Girkawa suka sa ma garin wuta. Shekara 150 bayan gobarar Atina, a 330, Iskandar na Makidoniya ya banka ma fadar Fasafolis ta Farisa wuta da sunan rama ma allolin Girka. Tsohon kwamandanshi Farmeniyon ya ba shi shawara ya bari, tunda fadar ai ta riga ta zama tashi, bai ji ba.